Fitilar Tsibirin Robben

Sau biyu na yi shirin tsallakawa tsibirin Robben kafin Allah ya nufa. Ranar farko mun isa tashar jirgin ruwa ta Waterfront tun da sassafe, ni da ɗan yayata da ke karatu a Cape Town, muka tarar an soke tashi. Iska ce ke busowa daga arewa maso yamma, teku ya yi fushi, igiyar ruwa na dukan bangon tashar har feshinta na zubo wa mutane. Watan Agusta ne, tsakiyar hunturunsu ke nan, amma hunturun can ba ƙura yake zuwa da ita ba, ruwan sama ne da sanyi mai shiga ƙashi.

Raina bai so ba, don abin da ya kawo ni ke nan. Tun ina yaro a Katsina nake jin sunan tsibirin a rediyo, kuma mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana cikin ma'aikatan gwamnati da aka riƙa cire wani abu daga albashinsu a shekarun 1970 don agaza wa masu yaƙi da wariyar launin fata. Ɗakin Mandela nake son gani, ba wani abu ba.

Yaron ya ce, "Kawu, tunda an fito kada a koma gida haka. Mu taka bakin teku, akwai abin da zan nuna maka."

Muka bi gaɓa har unguwar Mouille Point. A nan na fara ganin hasumiyar fitila da idona: gini mai kusurwa huɗu, an yi masa fenti ja da fari a karkace, yana tsaye tsakanin benayen zamani kamar tsoho a taron jikoki. Ita ce hasumiyar Green Point, an fara kunna ta a 1824, kuma ita ce mafi daɗewa cikin waɗanda ke aiki har yau a Afirka ta Kudu. Can gaba kaɗan, cikin ruwa, wani baƙin ƙarfe ne ke leƙowa duk lokacin da igiya ta janye. Ya ce ragowar injin jirgin Athens ne, wanda guguwar 17 ga Mayu 1865 ta maka da duwatsun wurin. Babu wanda ya tsira daga mutanen cikinsa, alhali mutanen gari na tsaye a gaɓa suna kallo. A wannan rana jiragen ruwa fiye da goma suka hallaka a mashigin tekun Cape Town. Na daɗe ina duban ƙarfen nan. Tazararsa da inda muke tsaye ba ta da wani yawa, mai ƙarfin murya zai yi kira a ji shi.

Sai ya ɗaga hannu ya nuna can cikin teku, inda wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke kwance kamar faifai a kan ruwa. A gefenta guda akwai wani farin tsinke.

"Ga tsibirin naka can, Kawu. Farin abin nan shi ma hasumiya ce."

Ban taɓa jin cewa akwai fitila a Robben ba. Abin da na sani kurkuku ne. Daga wannan lokaci kuwa tsinken nan ya tsaya mini a rai.

Bayan kwana biyu iska ta lafa, muka shiga jirgi. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma ga wanda babban ruwan da ya sani shi ne na madatsar Jibiya, ta isa darasi. Jirgi ya hau ya sauka, cikina ya juya, na kama ƙarfe na yi ta salati. Da na waiga sai ga Dutsen Tebur ya tashi a bayan birnin, samansa a miƙe ɗoɗar, gajimare ya lulluɓe shi kamar mayafi. Ruwan kuwa kore ne mai duhu, kuma sanyinsa ko a feshi ana ji, domin igiyar Benguwela ce ke kawo shi daga kudancin duniya. Wannan sanyi shi ne babban gandiroban tsibirin. Daga Robben zuwa gaɓar Bloubergstrand kusan kilomita 7 ne kawai, amma fursunoni kaɗan ne suka taɓa tsallakewa da rai. Makhanda, jagoran ƙabilar Xhosa da ya kai wa Turawan Ingila hari a Grahamstown a 1819, ya yi yunƙurin tserewa cikin kwalekwale tare da wasu fursunoni a 1820, kwalekwalen ya kife, ya nutse. A 2018 aka sauya wa garin Grahamstown suna, yanzu sunansa yake amsawa.

Sunan tsibirin kansa daga harshen mutanen Holan yake. Robben na nufin wasu dabbobin teku masu santsin jiki da gashin baki kamar na kyanwa, waɗanda ke kwanciya kan duwatsu suna shan hantsi. Mun ga 'yan kaɗan a bakin tashar kafin mu taso.

Mun sauka a tashar Murray's Bay, aka zuba mu cikin bas-bas. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa kilomita 3 da 'yan kai, faɗinsa bai cika 2 ba, kuma kusan ko'ina shimfiɗe yake, sai ciyawa da gajerun itatuwa da iska ta tanƙwara. Mai yi mana bayani wata budurwa ce mai sanyin murya, ta san aikinta.

Abin da ya fara taɓa ni wani ɗan farin gini ne mai koren ƙubba, dab da katangar kurkuku. Hubbare ne. Mutanen Cape Town suna kiran irinsa karamat, kuma wannan na Sayyid Abdurrahman Moturu ne, ɗaya daga cikin manyan mutanen tsibiran Indunusiya da kamfanin cinikin Holan ya kamo ya jefa nan, ya rasu a tsakiyar ƙarni na 18. Ba shi kaɗai ba ne. A 1780 aka kawo Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam daga tsibirin Tidore, wanda ake wa laƙabi da Tuan Guru, wato babban malami. A tsare ya rubuta Alƙur'ani da ka, babu wani littafi a gabansa. Da aka sake shi ya buɗe makaranta a birni, kuma daga hannunsa aka sami Masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya ya ga alaramma na rubuta satu zai gane nauyin wannan aiki. Na ɗaga hannu na yi musu addu'a ta tagar mota.

Daga nan sai maƙabartar kutare. Tun daga 1846 har 1931 nan ake kawo kutare da masu taɓin hankali da marasa lafiyar da ba su da kowa. An raba maza da mata, an raba fari da baƙi, kuma da aka zo ga dokar tilasta keɓewa, wanda ya shigo ba ya fita. Duwatsun kaburburan sun karkace cikin ciyawa. Sai gidan da aka ajiye Robert Sobukwe, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi da wariyar launin fata, shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969, bayan ya gama wa'adin ɗaurinsa, da wata doka da majalisa ke sabuntawa duk shekara saboda shi. Sai ramin farar ƙasa inda Mandela da abokansa suka yi shekaru suna fasa dutse. Ko a ranar da muka je, da rana ba ta da ƙarfi, sai da na runtse ido, don bangon ramin fari ne fat. Ƙyallin nan da ƙurar ne suka lalata wa Mandela ido. A bakin ramin akwai tulin duwatsu da tsofaffin fursunoni suka tara a 1995, kowa ya ajiye guda.

Bayan duk wannan ne motar ta ratsa ɗan ƙauyen da gandirobobi suka zauna da iyalansu, da cocinsa da makarantarsa, ta nufi kudancin tsibirin. Nan ƙasa ta ɗan tasa, sai ga ta.

Gani ya kori ji, amma gaskiya ba girma ne ya kama ni ba. Tsayinta mita 18 ne, wato ta ɗan ɗara hasumiyar Gobarau ta garinmu. Zagayayya ce, an gina ta da dutse, fara, tana tsukewa a hankali zuwa sama, inda ɗakin gilashi yake da 'yar baranda kewaye da shi. Tana kan tudun Minto, wanda shi ne wuri mafi bisa a tsibirin, ko da yake bai wuce mita 30 daga doron ruwa ba. A Katsina ba za mu ma kira shi tudu ba. Amma a inda komai ke kwance, wannan ɗan tashin ya isa a hango daga nesa.

Na tuna wani malaminmu na Larabci da ya taɓa cewa kalmar manara asalinta wurin wuta ne ko wurin haske, kuma Larabawa da ita suke kiran hasumiyar jiragen ruwa, da ita kuma suke kiran ta masallaci. A lokacin na ɗauka zancen nahawu ne kawai. Sai da na tsaya ina kallon wannan na ga dalilin haɗa su.

Wutar tudun nan ta girmi ginin da kusan shekara 200. Jan van Riebeeck ya sauka a Cape a 1652 don kafa wa kamfanin Holan zango, inda jiragen da ke tafiya Gabas mai nisa za su sha ruwa su ɗauki nama da ganye. Ba a daɗe ba aka gane cewa tsibirin da ke bakin mashigin tarko ne. Yana kwance ƙasa-ƙasa, da dare ba a ganinsa, ga duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa kewaye da shi, ga hazo mai jiƙa tufafi da ke taso wa mutum babu sallama. Sai ya sa a riƙa hura wuta a kan tudun da dare idan ana sa ran jirgi. Shi ya sa sunansa na farko Vuurberg, ma'ana tudun wuta. Wutar fili kuwa kowa ya san halinta: ruwa ya kashe ta, iska ta watsa ta, mai gadi ya yi gyangyaɗi. Jirage suka ci gaba da farfashewa. A 1694 jirgin Dageraad ya tarwatse a yammacin tsibirin ɗauke da akwatunan kuɗin kamfani.

Da mulki ya koma hannun Turawan Ingila, zirga-zirga ta ƙaru. A tuna, ba a buɗe mashigin Suwez ba sai 1869. Kafin nan, duk jirgin da zai tashi daga Turai zuwa Indiya ko Ostareliya ko Sin dole ya zagayo ta ƙasan Afirka, da yawansu kuma sai sun yada zango a Cape Town. Wasiƙu, sojoji, shayi, ulu, duk ta nan. Aka gina hasumiyar a 1864, aka kunna ta a Janairun 1865, wata huɗu kafin guguwar da ta ci Athens. A 1938 aka mayar da ita ta lantarki.

Kafin lantarki, aikin mai tsaron fitila aikin dare ne ba hutu. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna fitilar ƙwai ya san hidimarta: a zuba mai, a datse lagwani, a goge baƙin hayaƙi daga ƙwan. To a ɗauki wannan a ninka, a ɗora shi a saman bene mai matakala, a ce kuma rayukan mutane na rataye da shi. Sirrin yadda 'yar wuta ke kaiwa nesa kuwa yana ga gilashin. A shekarun 1820 wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ya ƙirƙiro gilashi mai zobba-zobba da ke tattaro hasken da zai watse sama da ƙasa ya tura shi gaba a miƙe, kuma wannan dabara ce ta sauya hasumiyoyin duniya. Ta Robben a yau ana hango ta daga mil 24 na teku, kimanin kilomita 44.

Wani abin da ya burge ni shi ne kowace hasumiya da irin ƙiftawarta. Matuƙi cikin duhu ba ya ganin gini, ba ya ganin fenti, haske kawai yake gani. Sai ya ƙirga: daƙiƙa nawa ta yi a kunne, nawa a mace, fari ne ko ja. Ya duba littafinsa ya san wace ce, daga nan ya san inda yake. Kamar yadda za ka ji kiran salla da asuba ka ce wannan ladanin masallacin wane ne. Yawancin manyan fitilun gaɓar ƙasar juyawa suke yi, haske ya share teku ya dawo. Ta Robben ba ta juyawa, tsaye take wuri guda, tana kunnuwa tana ɗaukewa.

Duk da haka ba ta hana ƙaddara ba. A Mayun 1901 babban jirgin wasiƙu Tantallon Castle ya hau duwatsun tsibirin cikin hazo, ko da yake an kwashe mutanensa lafiya. Har a ƙarshen ƙarnin da ya wuce jiragen kamun kifi sun ci gaba da makalewa a nan. Hazo idan ya yi kauri, haske ba ya huda shi.

Motar ta tsaya a wani wuri bakin ruwa inda ake sauka a sha iska a ɗauki hoton Dutsen Tebur. Kowa ya juya fuska ga birni. Ni na juya baya ina kallon tudu. Na tambayi budurwar ko ana hawa. Ta ce a'a, fitila ce mai aiki, tana hannun hukumar tashoshin jiragen ruwa, ba ta cikin wuraren da ake shiga da baƙi, kuma lokacinmu a ɗaure yake da na jirgin komawa. Na ɗan taka iyakar inda aka yarda. A kusa da tudun akwai manyan bindigogin da aka girke lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don tsaron mashigin, bakinsu na kallon teku. Iska na kaɗa ciyawa, tsuntsayen ruwa na kuka, can ƙasa kuma 'yan tsuntsayen fengwin, masu baƙin baya da farin ƙirji, na tafe suna rangaji kamar yara masu koyon tafiya.

A nan wani abu ya tokare mini ƙirji, kuma har yau bai gama sauka ba. Na lissafa: an kunna fitilar nan kutare na tsibirin, ta yi shekara 66 tana ci a kansu. Tana ci aka rufe Sobukwe. Tana ci aka kawo Mandela a 1964, tana ci aka ɗauke shi zuwa kurkukun Pollsmoor a 1982. Hukumar da ta san darajar rai har ta ɗauki mutum aiki ya kwana yana goge gilashi don kada baƙon jirgi ya daki dutse, ita ce ta zubar da mutane a gindin hasumiyar kamar shara. Hasken waje yake kallo. An yi shi don kaya da wasiƙu da masu wucewa, ba don na ciki ba.

Na faɗa wa yaron haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haka ne, Kawu. Amma su ma na cikin jirgin ai talakawa ne. Masu kayan suna Landan suna barci."

Ban ba shi amsa ba, domin ya yi gaskiya. Waɗanda ke jan igiya da zuba gawayi a tukunyar jirgi, da yawansu 'yan Indiya ne da Larabawa da baƙaƙen fata da talakawan Turai, kuma kowannensu akwai uwar da ke jiransa. Wanda ya hau matakalar nan da tulun mai cikin ruwan sama, su ya yi wa aiki. Ban iya tsanar ginin ba, ban kuma iya kallonsa da farar zuciya ba. Aikinta ma bai ƙare ba. Lokacin da aka rufe Suwez daga 1967 zuwa 1975 jirage sun dawo wannan hanya, kuma a ƙarshen 2023, saboda hare-haren Bahar Maliya, manyan jiragen kwantena da yawa sun sake zagayowa ta Cape. Suna da na'urorin tauraron ɗan'adam, amma na'ura na iya ɗaukewa, kuma matuƙi na son abin da idonsa ya gani.

Sauran ziyarar a ƙafa aka yi ta. Wani dattijo da ya yi zaman kurkukun ne ya zagaya da mu. Ya nuna mana allon rabon abinci, inda ko a cikin ɗauri an bambanta: fursuna ɗan asalin Indiya ko mai ruwa biyu ya fi baƙar fata samun rabo. Ya nuna mana tabarmar da suke kwana a kai a kan siminti. Sai muka bi layi muka leƙa ɗakin fursuna mai lamba 466/64, wato Mandela. Taku uku ne ya ƙare. Bargo, ɗan tebur, kwano, bokiti. Abin da na tsallako ƙasashe don gani ke nan, kuma na gan shi cikin abin da bai kai minti guda ba, don akwai mutane a bayana. Na duba tagar. Tsakar gidan kurkuku take kallo, bango ne a gabanta. An saki fursunonin siyasa na ƙarshe a 1991, aka rufe kurkukun gaba ɗaya a 1996, ya zama gidan tarihi, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya.

Da muka dawo birni na ce wa yaron ba zan kwanta ba sai na ga fitilar a kunne. Muka yi magariba a Masallacin Auwal, a titin Dorp, inda ake ajiye da ɗaya daga cikin rubutun hannun Tuan Guru. Muka ci abinci a Bo-Kaap, muka yi isha'i, sannan muka sake gangarawa Mouille Point.

Sanyi ya sauko sosai. A bayanmu ta Green Point na juyawa, haskenta na wucewa ta saman kawunanmu. Gabanmu duhu ne, sai ƙarar ruwa a kan duwatsu, sai fitilun wasu jirage da suka yi anka suna jiran izinin shiga. Da farko ban gane ta ba cikin sauran. Yaron ya kama kafaɗata ya juya ni kaɗan.

"Kada ka duba masu tsayawa, Kawu. Duba wadda ke ɗaukewa."

Sai na gan ta, ƙasa-ƙasa, dab da inda ruwa ya haɗu da sama. Ta yi haske ta ɗan jima, ta ɗauke, ta dawo. Na ƙirga har sau ashirin ina tsaye, hannuna cikin aljihu. Ɗaya daga cikin jiragen ya ɗaga anka ya fara motsi a hankali, ya bar ta a hagunsa ya nufi tasha. Yaron ya ce motar ƙarshe ta kusa wucewa, muka juya.